Fayafan Kaka a Bangon Yaya

Ɗaki ɗaya muka tashi a ciki ni da yayata, a gidanmu na Sabon Birni, ɗakin da ke kusa da rijiya mai ƙaramar taga ta gabas. Babu abin kallo a cikinsa. Katifa biyu a ƙasa, leda mai zanen furanni da ta koɗe wajen ƙofa, akwatin ƙarfe nata, kwalin littattafai nawa. Amma ni tun ina ƙarama ba na iya zama a wuri sai na gyara shi. Labule ya karkace, sai na tashi na daidaita shi ko da ina tsakiyar karatu. Yaya takan ce ranar aurenta ba ta da wata damuwa, ni za ta bar wa ɗakinta in yi yadda na ga dama. Tana faɗa tana dariya, ni kuwa na riƙe maganar.

Da na tafi Sakkwato karatu na sami waya mai buɗe hotuna, abin ya zame mini kamar ciwo. Sauran ɗalibai suna kallon ɗinki da girki, ni ɗakuna nake kallo, ɗakunan mutanen da ban sani ba a garuruwan da ba za ni taɓa zuwa ba. Abin da ya fi kama ni a cikinsu shi ne sarari. Bango fari, gado, fitila ɗaya, sai hasken taga ya faɗo a ƙasa babu abin da ya tare shi. Akwai wani hoto da nake yawan komawa gare shi. An rataya wa bango wasu abubuwan saƙa masu faɗi, zagayayyu, babu komai tare da su. Na daɗe ina sha'awarsa kafin in gane abin da nake kallo. Faifai ne, irin wanda muke rufe fura da shi.

Muna da fayafai a gida waɗanda suka fi na hoton nan. Kakarmu ta wajen uwa ce ta saƙa su. Daga Tsamaye ta dawo wurinmu a shekarunta na ƙarshe, lokacin da zaman ƙauye ya yi wuya, kuma har ta rasu hannunta bai rabu da kaba ba. Uku suka rage, suna bisa sif ɗin Inna. Saƙarta matsattsiya ce, zanen baƙi da ja yana zagayawa kamar ruwa a cikin ƙwarya. Ɗaya yana da tabon nono, ɗaya wuta ta ɗan lashi gefensa. Yaya ce 'yar ɗakin Kaka, a wurinta ta koyi dama fura, ita ta yi jinyarta. Da aka sa ranar auren Yaya, na roƙi Inna ta ba ni fayafan. Ta ba ni ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗauka makaranta za ni tafi da su in riƙa rufe abinci.

A Isa angon yake, malamin firamare ne, ya gina ciki da falo a gidan mahaifinsa. Na sa Yaya ta karɓo mini hotunan ɗakin tun ba a gama fenti ba. Na san inda taga take, na san bangon da haske zai riƙa faɗawa da hantsi. Na zaɓi labule ruwan ƙasa a raina, na ajiye gado, na cire shi, na sake ajiye shi. A cikin aji ma, malami yana bayani, ni ina matsar da kujeru a ɗakin da ban taɓa takawa ba. Bangon da ke fuskantar tagar uwar ɗaki kuwa na bar shi fari, na fayafan Kaka ne.

Ban yi lissafi da taubashiyata ba.

Ɗiyar Gwaggo ce, ƙanwar Baba da ke aure a Isa. Sa'ata ce, watanni ne tsakaninmu. A al'ada ni ce uwargijiyarta tunda ni ɗiyar namiji ce, ita ɗiyar mace, amma ban taɓa iya amfani da wannan matsayi ba. Ita ke tsokana, ni ina murmushi ina neman amsa, sai amsar ta zo mini bayan ta tafi. Muryarta kan riga ta shiga gida. An yi mata aure shekara guda kafin Yaya, kuma tun daga jeren ɗakinta sunanta ya fita. Duk gidan da za a kai amarya a unguwarsu sai an aika mata. Ana cewa tana da hannu. Kalmar nan ta daɗe tana damuna. Ni na san ina da ido, amma ido ba a ganinsa sai mai shi ya buɗe baki.

Da na dawo hutu na tarar da gida cike da kaya, har an rasa wurin shimfiɗa tabarma. Na sami Inna tana tsintar shinkafa, na fara yi mata bayanin yadda na tsara ɗakin. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce jere aikin matan aure ne. Budurwa tana iya zuwa ta ɗauki kaya, ta goge, ta miƙa, amma ba ta cewa a sa wannan nan. Kuma dangin uba ke gaba. Gwaggo ta riga ta ce ɗiyarta za ta ja aikin. Na ce ai sa'ata ce. Inna ta ce sa'ata ce a haihuwa, amma ita tana da ɗaki.

Na kai ƙara wurin Yaya, ina zaton za ta tuna alkawarinta. Na same ta ana yi mata kitso. Ta ce in yi haƙuri, in an gama biki sai in zo in gyara duk yadda nake so. Ba ta ko ɗago kai ba, don mai kitso ta riƙe shi. Da la'asar na ji ta a bayan ɗaki tana waya da taubashiyata, suna gardama a kan labule, ruwan zinare ko jan garura, suna dariya irin wadda ake yi da wanda aka saba sirri da shi. Ina tsaye da buta a hannuna. Shekaru muna kwana ɗaki ɗaya, ban taɓa jin ta tambaye ni launin komai da irin wannan zumuɗin ba.

Ana gobe ɗaurin aure muka tafi jere. An loda gado da sif da kujeru a a-kori-kura tun da sassafe, mu mata muka bi baya a bas. Direba ya gargaɗe mu tun a tasha cewa kafin la'asar zai juyo, ko an gama ko ba a gama ba, don ba mai son yamma ta yi masa a hanyar nan. Ina zaune a baya, jakata a cinya. A cikinta akwai fayafan Kaka naɗe a tsohon hijabi, da ƙusoshin kankare, da tef ɗin awo da na aro wurin tela. Ban san yadda za ni yi da su ba. Na dai kasa barinsu a gida.

Mun tarar da taubashiyata ta riga mu, ta ɗaura zane a kan riga, tana tsaye tsakiyar falo tana ba kafinta umarni kamar yaron gidansu. Tana ganina ta buɗe hannu.

"Ga uwargijiyata ta iso. Malama, da biro anka zo ko da hannu?"

Mata suka yi dariya. Na ce da duka biyun. Ta ce to a aje biron, ta miƙo mini tsumma, ta nuna mini kwalayen tangaran. Nan na zauna a kusurwa ina goge faranti, ina miƙawa, ina kallonta.

Ba ta auna komai. Takan je bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗan runtse ido, ta ce a matsa da kabad hagu kaɗan, a ƙara, ya isa. Ta dawo ta jera faranti a tsaye a bayan gilashi, ta koma bakin ƙofa. Wata daga cikin matan ta tambaye ta abin da take nema a ƙofar nan, ta ce daga nan dangin miji za su fara gani, don haka daga nan ake jere, wanda ya shigo ciki ai ya riga ya yanke hukunci. Kuloli ta jera su daga babba zuwa ƙarami, kofuna ta kife su a kan juna kamar hasumiya, tasoshi masu ƙyalli ta sa su can sama inda hasken ƙofa zai dake su. Labule ruwan zinare, mai jan baki. Furen roba a kowace kusurwa. Duk inda na bar sarari a raina, ita ta cika shi.

Na so abin ya yi muni. Ina goge kofi ina jiran lokacin da zai yi yawa ya lalace. Bai lalace ba. Da aka shimfiɗa kafet aka kunna turaren wuta, ni ma na faki ido na je bakin ƙofar na tsaya, na ga abin da take gani. Ɗakin kamar yana yi wa mutum maraba da hannu biyu. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Na koma kusurwata na ci gaba da goge abin da na riga na goge.

Bango ɗaya ya rage a uwar ɗaki, wanda ke fuskantar taga. Babban agogo za ta sa a wurin, yana cikin kwalinsa ba a buɗe ba. Aka kira azahar, gidan ango suka aiko da tuwo, mata suka fita tsakar gida salla da cin abinci. Na ce za ni ƙarasa share ƙasa in biyo su. Kafinta ya bar gudumarsa a bakin gado.

Na auna daga ƙasa, na auna daga kowane gefe, na sa alama da fensir. Hayaniyar mata ta rufe ƙarar guduma. Na rataya su a layi ɗaya, babban a tsakiya, tazarar da ke tsakaninsu daidai wa daida. Sannan na ja da baya na zauna a bakin gadon da ko zanen gado ba a taɓa kwanciya a kansa ba. Haske ya faɗo a kansu kamar yadda na sani zai faɗo. Baƙi da jan saƙar Kaka suka fito a farin bango, duk ƙyallin da ke falo ya zama kamar surutu a wani gida. Na ce a raina gobe in an buɗe wa Yaya fuska, wannan za ta fara gani, kuma za ta san wanda ya sa.

Ban ji sallamarsu ba. Dangin miji ba su zuwa ganin ɗaki sai an kawo amarya, amma kullum akwai tsohuwar da za ta sami dalilin leƙowa. Gwaggon ango ce, ta zo da wasu mata biyu da ƙwaryar fura, wai sannu da aiki. Matanmu suka biyo su ciki. Tsohuwar ta yaba falo, ta ɗaga murfin kula ɗaya ta mayar, ta shafa labule, sannan ta shigo uwar ɗaki. Ta tsaya gaban bangon. Ta kai hannu ta taɓa faifan da wuta ta lasa, ta murza gefen da yatsa, ta matso da hancinta kusa da mai tabon nono.

"Wanga ma na amarya ne?" ta tambaya.

Na waiga wajen matanmu. Na ga fuskar Gwaggo ta canza.

Ba a shigar da tsohon abu ɗakin amarya. Ko tsintsiya sabuwa ake saye, ko ludayi. Tsohon abu yana nufin iyayenta sun gaza a hanya, ko kuwa aro aka yi don a cika ido, kuma in aka ga ɗaya sai a fara shakkar sauran. Kafin amarya ta iso maganar ta gama unguwa, kuma ita za ta zauna da ita shekaru, ba mu da za mu hau bas mu tafi ba. Na san wannan, a gidanmu aka haife ni. Amma na daɗe ina kallon fayafan nan a matsayin hoto, har na manta cewa a idon kowa kayan aiki ne da aka ci abinci da su. Ina tsaye da tef ɗin awo a wuyana. 

Sai taubashiyata ta fashe da dariya, har tana dafa kafaɗar tsohuwar.

"Haba Inna, namu ne na aiki. Da su munka rufo abinci daga Sabon Birni. Wagga 'yar boko na ce ma ta aje su inda ba a taka su, shi ne ta buga masu ƙusa. Karatu ya yi mata yawa, mu ma haƙuri mukai da ita."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Tsohuwar ta dube ni da tef ɗina, ta ce Allah ya shirya yaran yanzu, ita ma tana da jika irina, an aike shi sayen gishiri ya tsaya karanta takardar da aka ƙunshe shi. Taubashiyata ta ciro fayafan ɗaya bayan ɗaya, ta rufe ƙwaryar furar da mai tabon nono a gaban kowa don magana ta zauna. Ta sa kafinta ya zare ƙusoshin gefe, ya rataya agogon a ta tsakiya. Faɗinsa ya rufe ramukan duka.

Da baƙin suka fita ta matso kusa da ni, ta ce a hankali in gode wa Allah da ya ba ni baiwa irinta. Babban faifan yana hannunta. Na ga ta ɗaga shi, ta dubi bangon, ta sake dubansa, ta ɗan runtse ido irin yadda take yi a bakin ƙofa. Sannan ta haɗa shi da sauran biyun ta miƙa wa Gwaggo, Gwaggo ta tura su cikin jakata. Muka hau bas. Na jingina kai da gilashi ina kallon gonakin dawa. Ya kamata in ji godiya, don ta fitar da Yaya daga bakin mutane, ta fitar da ni. Abin da na ji shi ne ko kuskurena ma ita ta san yadda za ta yi da shi ya zama abin yaba mata.

Bayan biki Yaya ta kira ni. Ba a gaya mata abin da ya faru ba, ba a ɗora wa amarya irin wannan. Ta ce da aka buɗe mata fuska ta ga ɗakin sai da ta yi hawaye. Ta ce dangin miji har yanzu suna turo mutane kallo. Ta ce yarinyar nan ba ta bar ko tafin hannu ba a gyara ba. Na ce masha Allah. Ta tambaye ni ko ni na jera kofuna, don ta ga sun yi tsaf. Na ce goge su kawai na yi. Babu komai nawa a ɗakin nan sai ramuka a bayan agogo.

Na koma Sakkwato. Fayafan na bar su a gida cikin kwalin littattafaina, ban so ganinsu ba. Bayan wasu watanni, wata ranar Asabar ina wanki, hotuna suka shigo zauren 'yan uwa na waya. Wani sabon jere ne da taubashiyata ta yi a Isa. Na buɗe da hannu mai kumfa. A bangon da ke saman gado fayafai ne, sababbi fil, manya da ƙanana, kore da ja da ruwan ɗorawa. Ba ta jera su a layi ba. Sun taso daga kusurwa ɗaya suna hawa sama kamar tsuntsaye sun tashi daga gona. Daga baya na ji cewa wurin matan Fulani masu kawo nono ranar kasuwa ta ba da saƙarsu, ta zaɓi launi da kanta. Tunda sababbi ne, ba mai abin cewa.

Yabo ya yi ta zuba a ƙarƙashin hoton. Wata ta ce ita ba ta taɓa sanin faifai yana da kyau haka ba. Wata ta ce wannan kai nata Allah ya tsare shi daga baki. Inna ma, da ba ta iya rubutu a waya, ta aiko da murya tana sa albarka. Na bar wankin ya jiƙe, na zauna ina faɗaɗa hoton da yatsu biyu ina neman aibi. Na samu. A ƙarƙashin wani ƙaramin kore, kan ƙusa ya leƙo. Na yi kwanaki ina komawa wurin ƙusar nan, ita kaɗai ke sanyaya mini rai.

Bayan wannan ta yi wani a Gangara, ta yi wani a garinmu, a layin da ke bayan gidanmu. Aka fara kiran abin da sunanta. Amare suna cewa irin nata suke so.

Da hutun ƙarshen shekara na je Isa gaida Yaya. Ciki ya tsufa, tana tafiya tana dafa bango. Ɗakin ya zama ɗakin mutane. Furen roba ya yi ƙura, an ciro rabin kulolin ana amfani da su, ga tsohuwar tabarmar mijinta a bayan ƙofa, ba mai cewa komai, don amarci ya wuce kuma ba mai ƙirga. Muna kwance a gado tana ba ni labarin maƙwabta, sai ta nuna agogon da ƙafa. Ta ce ya tsaya tun da daɗewa, kuma ta gaji da kallonsa. Ta tambaye ni ko na ga irin jeren fayafan nan da taubashiyata ke yi yanzu. Shi take so a wurin, amma kullum yarinyar tana gidan wani biki.

"Ke da kuke wasa, ki yi mata magana mana. Ta fi jin taki."

Na ce to.

Da na fito ban nufi tasha ba, gidan taubashiyata na nufa. Tun a hanya nake shirya abin da za ni faɗa, don na san in ban shirya ba ba zai fito ba. Na same ta a tsakar gida zaune cikin fayafai, tana ware su launi launi, wata Bafulatana tana gefe tana shan ruwa. Ta ce lale da uwargijiya, yau wane laifi baiwa ta yi. Ban zauna ba. Na ce mata abin nan da ake kira da sunanta nawa ne, a hannuna ta gani.

Na zaci za ta musa, ko ta ji kunya. Ko ɗaya ba ta yi ba.

"Gare ki na gani mana. To mi? Ke kin kai tsoho ɗakin amarya, ni na kai sabo. Wa ya riƙe maki baki?"

Ta juya ta gaya wa Bafulatanar labarin duka, har da tef a wuya, suna dariya. Ta ce in na gama karatu in zo mu haɗa, ni awo ita baki, mu cinye Isa da Sabon Birni. Da gaske take, na ga haka a fuskarta, kuma wannan ya fi zafi, don abin da na yi wata da watanni ina ɗauke da shi ita ko nauyinsa ba ta ji. Ban isar mata da saƙon Yaya ba. Na ce sauri nake kada mota ta tafi.

Kafin hutu ya ƙare na koma Isa da jakata. Na ce wa Yaya ta zauna, ni za ni yi mata. Na hau kujera na sauke agogon. Ramukan suna nan, da alamar fensir ɗina a gefen kowanne. Yaya ta tambayi wanda ya huda mata bango haka. Na gaya mata, a taƙaice, ina buga ƙusa don kada in dube ta. Na kwance tsohon hijabin na rataya su inda suke a da, babban a tsakiya.

Yaya ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce in miƙo mata na gefen dama. Ta shafa inda wuta ta lasa, ta ce ita ta ƙona shi, tana yarinya ta aje shi kusa da murhu, Kaka ta bi ta da muciya har zaure, daga baya kuma ta dama mata fura ta rufe da shi. Ta ce ta zaci sun ɓace. Ta miƙo mini na mayar. Ta gyara matashi ta kwanta tana fuskantar bangon, ta ce a bar su nan, yaron da za ta haifa ya tashi yana ganinsu.

Muna haka maƙwabciyarta ta yi sallama, ta zo aron turmi. Ta leƙo uwar ɗaki, ta ga bangon, ta ce ashe ɗiyar gwaggonmu ta samu ta zo.

"Ƙanwata ce ta yi," in ji Yaya.

Matar ta dube ni, ta sake duban bangon. Ta ce lalle na koya wurinta, kuma na kusa iyawa, sai dai ita ba ta jera su a layi haka kamar 'yan makaranta, warwatsa su take. Yaya ta yi dariya ba ta gyara mata ba, ta tashi da ƙyar ta je nuna mata turmi.

Na rage ni kaɗai a ɗakin da guduma a hannu. Na je bakin ƙofa na tsaya, na runtse ido yadda taubashiyata take yi. Na ga inda za ta matsar da na hagu, sama kaɗan, can wajen kusurwa, kuma na ga zai fi kyau. Akwai sauran ƙusa ɗaya a jakata. Na mayar da gudumar inda na ɗauko ta, na bar su a layinsu.